Albasar da na zana da Inkscape, da abin da ya fito daga wurin bugawa

Na sauke manhajar zane ta Inkscape a kwamfutata ne saboda kyauta ce, kuma ban ɗauke ta da muhimmanci ba sai ranar da wani Alhaji mai sana'ar albasa a kasuwar Ramin Kura da ke Sakkwato ya ba ni aikin allon talla mai faɗin mita 2. Abin da ya nema bai wuce sunansa da babbar albasa guda ɗaya ba, amma ya ce ta fito a dunƙule yadda mai wucewa a kan babur zai ji kamar ya miƙa hannu ya ɗauka.

Da'irar da na fara zanawa ta zauna a shimfiɗe kamar faifai, domin launi ɗaya ne ya cika ta. Na gwada rikiɗar launi ta miƙe, wadda ke tafiya daga gefe zuwa gefe, sai abin ya koma kamar gwangwani. Da na koma kan rikiɗa mai zagaye, wadda ke fitowa daga cibiya tana bazuwa zuwa baki, na sa ruwan hoda mai haske a ciki, jan albasa a tsaka-tsaki, da shunayya mai duhu a baki. Ya yi kyau, sai dai hasken ya tsaya a tsakiya tamkar an haska fitila daga gaba. A nan ne abin mamakin ya faru, domin idan aka danne maɓallin Shift aka ja ɗigon cibiyar, wani ɗigo na daban yana rabuwa da shi, kuma shi ne ke riƙe da wurin da haske ya fi ƙarfi. Na ja shi sama ta hagu, nan take da'irar ta kumbura ta zama albasa, inuwa ta taru a ƙasa ta dama kamar yadda take yi idan hantsi ya bugi kayan da aka baza a kasuwa. Na daɗe ina matsar da wannan ɗigo ina kallon yadda siffar ke sauyawa, har na manta cewa cajin kwamfutar ya kusa ƙarewa. Daga baya na ƙara siririn haske a bakin ƙasa da inuwa mai dishi-dishi a ƙarƙashinta, kuma ban taɓa yin aikin da ya gamsar da ni haka ba.

Murnar ta ragu a wurin bugawa. Masu buga allo a garin nan da wata manhajar zane mai suna CorelDRAW suka saba, saboda haka yaron shagon bai yarda ya karɓi fayil ɗin SVG, irin wanda Inkscape ke adana zane a cikinsa, ba, ya ce in mayar da shi hoto in turo masa ta waya. Na yi kuskuren tura shi a matsayin hoto na yau da kullum maimakon “document”, wato fayil yadda yake, aka matse shi a hanya, shi kuma ya buɗa shi zuwa mita 2 bai duba ba. Launin da ke narkewa a hankali a fuskar kwamfutata ya fito zobe-zobe, musamman a wajen inuwa, inda launukan suke kusa da juna kuma matakan haske 256 da kwamfuta ke ba kowane launi ba su da yawan da za su ɓoye aibi. Shunayyar ma ta dushe, domin Inkscape da launukan haske na RGB take aiki, injin kuwa da tawadar CMYK yake bugawa, kuma wannan giɓi na ga ya kamata a ce an gargaɗi sabon shiga a kansa.

Da Alhaji ya ga allon, ya yi shiru, sannan ya ce, “Malam, wa ya yanka wagga albasa?” Na biya kuɗin sake bugawa daga aljihuna, na kai fayil ɗin PDF a filashi, na tsaya a kan yaron har ya buga mini ɗan gwaji. Na biyun ya fito sumul, ko da yake shunayyar ba ta kai wadda na zaɓa ba, kuma allon yana rataye a rumfar Alhaji yanzu haka.