Bindigar farautar barewa mai araha: a ina aka rage kuɗin?

A Amurka, da kaka ta kama, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, shagunan kayan farauta kan cika da bindigogi masu sakata, irin waɗanda ake ɗaga hannun ƙarfe a ja baya kwanso ya fita, a tura gaba sabon harsashi ya hau. Masu araha a cikinsu galibi suna tsakanin dala 350 da 600: Savage Axis, Ruger American, Mossberg Patriot, Winchester XPR da Remington 783. An ce araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta zauna daidai, domin ado kam babu. Harbi kuwa akwai.

Wurin da maharbi ke nema a jikin barewa mai farar wutsiya, wato huhu da zuciya a bayan kafaɗa, faɗinsa kamar inci 8 ne, girman farantin cin abinci. Yawancin waɗannan bindigogi, idan aka samo musu harsashin da suke so, suna tara harbi uku cikin inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga nisan yadi 100. A dazuzzukan gabashin ƙasar, inda ba kasafai harbi ke wuce yadi 150 ba, wannan ya isa har da rara. Injinan sassaƙa ƙarfe masu aiki da kwamfuta ne suka sa bututu mai kyau ya daina tsada. Savage kuma tana ɗaure bututunta da wani babban noti, wanda ke ba ta damar daidaita mazaunin harsashi ba tare da aikin hannu mai yawa ba. Saboda haka ba a bututu aka yi tsimi ba.

A ƙota aka yi shi, wato jikin bindigar da ake riƙewa a jingina a kafaɗa. Roba ce mara nauyi, kuma gabanta, ɓangaren da ke ƙarƙashin bututu, yana lanƙwasawa. Ana so bututu ya tsaya ba ya taɓa komai tun daga tushe har baki, domin yana girgiza idan harsashi ya fita, kuma duk abin da ya taɓa shi zai sauya inda harsashin zai sauka. Gwajin mai sauƙi ne. A zura takardar kuɗi tsakanin bututu da ƙota, a ja ta har tushe. Sannan a ɗora gaban bindigar a kan buhun yashi, a danna kaɗan kamar yadda ake yi lokacin saiti, a sake zurawa. Bindigogi da yawa suna cin gwajin farko su faɗi na biyu. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai yi saiti lafiya a kan tebur, ya shiga daji ya jingina da reshe ko ya ja igiyar rataya da ƙarfi, harsashi ya kauce. Maganinsa shi ne a goge cikin ƙotar da samfefa a naɗe a jikin sanda har rata ta buɗe, ko a jingina bindigar kusa da gidan harsashi maimakon can gaba. Sayen sabuwar ƙota ta katako ma magani ne, sai dai kuɗinta na iya kai rabin kuɗin bindigar, kuma daga nan arahar ta gudu. Ruger American, wadda ta fito a 2012, ta ɗan fi sauran a nan, domin an dasa ƙarafa biyu masu siffar V a cikin robar, jikin bindigar na zaune a kansu daram.

Sai kunama. Tsohuwar Axis ta farko kunamarta na da tauri, tana bukatar jan kusan laba 6, kuma ba a daidaita ta. A bindigar da duka nauyinta bai wuce laba 6 da rabi ba, yatsa na jan abin da ya kusa nauyin bindigar kanta, baki kuwa dole ya motsa kafin harsashi ya fita. Axis II tana da kunamar da Savage ke kira AccuTrigger, wadda ake sassautawa zuwa wajen laba 2 da rabi, kuma ɗan ƙarin kuɗin da ke tsakaninsu shi ne kuɗi mafi amfani a duk wannan ciniki. Ta Ruger ana daidaita ta tsakanin laba 3 da 5, ta Mossberg tsakanin 2 da 7. Ga farauta cikin sanyi, hannu sanye da safa, laba 3 zuwa 3 da rabi ya fi. Ƙasa da haka ganganci ne.

Sakatar masu araha kan yi kaushi da farko, ta yi santsi bayan an ja ta sau ɗari biyu ko uku da ɗan mai. Gidan harsashin galibi roba ne, kuma idan bai shiga ya yi ƙas ba, sakata za ta bi ta kan harsashi ba ta ɗauka ba, a ja kunama a ji shiru. Baƙin rufin da ke jikin ƙarfen siriri ne: a kwana da bindiga jiƙe cikin jaka, da safe a ga jan tsatsa.

Abin da ya fi cutar masu saye shi ne ƙunshin da ake haɗa bindiga da madubin hange 3-9x40, mai kusanto da abu ninki 3 zuwa 9, a ce an yi rangwame. Barewa ta fi fitowa da asuba da kuma dab da magariba, daidai lokacin da gilashi mai arha ke yin duhu. Zobban da ke riƙe madubin ma sau da yawa ba a ɗaure su yadda ya kamata ba. Gara a sayi bindigar tsurarta, a ware dala 150 zuwa 250 ga madubin Vortex, Leupold ko Burris da zobba nagari, a ɗaure sukurorin zobba da makulli mai auna ƙarfi, yawanci 15 zuwa 18 a ma'aunin inci-laba. Wanda ya matse fiye da haka yana iya lotsa jikin madubin, saiti ya daina tsayawa.

Girman harsashi kuma kafaɗa da doka ne ke zaɓarsa. Bindiga mara nauyi ta fi dukan kafaɗa. .30-06 a irin wannan ƙota tana dukan kafaɗa kusan ninki biyu na .243 Winchester, kuma sabon maharbi da ya sha duka sau goma zai fara runtse ido kafin ya ja kunama. .243, 6.5 Creedmoor, 7mm-08 da .308 duk suna kayar da barewa, kuma .308 ce aka fi samun harsashinta a kowane ƙaramin shago. Manyan harsasai irin .300 Winchester Magnum ba su da wurin zama a bindigar laba 6. A jihohi irin Ohio da Iowa, doka ta ware irin harsasan da ake farautar barewa da su, shi ya sa 350 Legend mai miƙaƙƙen kwanso, wadda Winchester ta fitar a 2019, ta samu kasuwa a can. A karanta littafin dokar farauta na jihar kafin a biya kuɗi. A shago kuma akwai cike fom 4473 na gwamnatin tarayya da binciken tarihin mai saye, kuma dokar tarayya ba ta yarda dillali ya sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 doguwar bindiga ba.

To, wace za a ɗauka? Ga mai fita daji kwana biyar ko goma a shekara, Ruger American ko Axis II sun biya bukata, kuma ragowar kuɗin ya tafi ga madubi da harsashin atisaye. Mai son ƙotar katako ya duba Patriot, akwai ta da icen goro na turawa (walnut). Remington 783 tana harbi lafiya, amma kamfanin ya karye sau biyu, a 2018 da 2020, don haka mai sayen tsohuwa ya fara tabbatar da cewa zai samu gidan harsashi da kayan gyara. Wanda kuwa ya san zai sauya ƙota, ya sauya kunama, ya sake rufin ƙarfe, to ya tara kuɗin tun farko ya sayi Tikka T3x ta Finland ko Howa 1500 ta Japan, domin jimlar kuɗin kusan ɗaya ce, kuma sakatar Tikka santsinta daban ne.

Ranar farko a filin atisaye, a goge man masana'anta daga cikin bututu, a duba sukurori biyu da ke haɗa ƙarfe da ƙota bisa adadin da littafin bindigar ya faɗa. A zare sakata, a leƙa ta cikin bututu a daidaita shi da alama a yadi 25, sannan a murɗa madubi ya zo kan alamar. A yawancin madubai danni huɗu ne inci ɗaya a yadi 100, amma a yadi 25 sai danni 16. A zo da harsashi iri uku, domin bindigogi biyu masu suna ɗaya ma kan bambanta a abin da suke so. Harbi uku, a dakata minti biyar: siririn bututu yana zafi da wuri, kuma daga harbi na huɗu ko na biyar ramukan kan fara hawa sama a jere.