Wata takwas ina tuƙi a S4 a titunan Makka

Motata 'yar Japan ce ƙirar 2015, otomatik mai giya shida. S4 kuwa wani matsayi ne na sandar giyarta da ke hana ta wuce giya ta huɗu. Na saye ta hannu na biyu a Jidda, kuma kullum da ita nake fita daga gidanmu da ke wajen Shari'ar Mansur zuwa shagon da nake aiki a Aziziyya. Wanda ya san Makka ya san hanyar: hawa, gangara, ramin cikin dutse, sai danja, sai cunkoso. Da wuya ka yi minti biyu a gudu ɗaya.

Abin da ya dame ni tun farko shi ne rashin natsuwar giyar. Da na kai gudun kilomita 50 zuwa 60, sai ta haura giya ta biyar, injin ya yi laƙwas. In hanya ta ɗan miƙe sama na taɓa totur, sai ta yi jim kamar mai shawara, sannan ta sauko da fizga. Na ɗaga ƙafa saboda wani ya shigo gabana, ta sake haurawa. Haka za mu yi ta yi har shago. Ga mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, a kunne, don zafin Makka a lokacin bazara yakan wuce digiri 45, shi ma yana cin ƙarfin injin.

Na kai ta wata warsha, wato garejin gyaran mota, ko gwada ta ba su yi ba suka ce akwatin giyar ya tafi, sai an sauke shi. Kuɗin da suka ambata ya hana ni barci. Wani maƙwabcinmu ne ya tura ni wurin wani dattijo bakanike, Bahaushen Sudan da ya daɗe a ƙasar nan. Ya duba launin man giya, ya shinshina, ya jona na'ura bai ga komai ba. Sai ya buɗe ƙofa ya zauna a gefena.

"Ja mu je, ɗana, in ji da kunnena."

Mun kama wani hawa, ta yi halin nata. Ya ce, "To, tura sandar gefe, wajen S." Na tura. Lamba 4 ta fito a dashbod. Na ce, "Baba, ni fa ban iya canza giya da hannu a wannan ba." Ya ce, "Ba ka da abin canzawa. Rufi ka yi mata. Daga ɗaya zuwa huɗu ita za ta yi abinta, biyar da shida ne kawai ka hana ta." Muka sake bin hawan nan, ta haye sumul, babu jim, babu fizga. Riyal ko ɗaya bai karɓa ba, sai cewa ya yi in sa shi a addu'a in na shiga Harami.

Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su gane ba, ni ma da ban gane ba. A irin motata lambar da ke bayan S iyaka ce, ba giyar da kake ciki ba. In ka tsaya a danja, da giya ta ɗaya za ta tashi, ta bi biyu da uku yadda ta saba. Tsofaffin motoci masu giya huɗu, irin Corolla ta shekarun 2000, suna da ɗan maɓalli a jikin sanda mai rubutun O/D, aikinsa ke nan, ya hana giya ta sama shiga. Wasu kuma an rubuta musu 3, 2 da L a ƙasan D. Duk manufa ɗaya ce. Sai dai akwai motocin da M ɗinsu, wato matsayin canza giya da hannu, ke riƙe giyar da ka zaɓa sosai, akwai kuma sababbi masu CVT waɗanda ba su da giya hawa-hawa irin wannan, don haka kowa ya duba littafin motarsa kafin ya kwaikwaye ni.

Dalilin da abin ke aiki ba wuya. Giya ta biyar da ta shida an yi su ne don doguwar hanya, inda ake so injin ya juya a hankali ya rage shan mai. Kwamfutar motar tana son kai ka can da wuri. A gudun 60 allurar juyin inji takan faɗi wajen 1,300 a giya ta biyar, kuma a nan injin ba shi da ƙarfin ɗaukar hawa, dole ta sauko. A S4 allurar na zama wajen 1,800, ƙarfin yana ƙarƙashin ƙafarka. Kowane canjin giya kuwa gogayya ce a cikin akwatin, gogayya kuma zafi take haifarwa, zafi shi ne ke tsufar da man giya. A garin da kwalta ke tiriri tun hantsi, wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurina.

Abin da na fi jin daɗinsa ma ban zata ba, wato gangara. Da na ɗaga ƙafa sai injin ya riƙe motar, ba ta zurarewa kamar da. Ƙafata ta huta da taka burki, kuma ba na tsintar kaina na wuce iyakar gudu a gaban kyamarar Sahir mai kama masu gudu ban sani ba. Ranar da muka kai iyali Ɗa'if ta hanyar Hada, a dawowa na sauke ta zuwa S3, a wurare masu tsananin gangara har S2. Mun sauko dutsen nan mai kwana-kwana ban ji ƙaurin burki ba, alhali a tafiyar da ta gabata sai da na tsaya ya huce. In ka nemi sauke giya kana cikin gudu da yawa, motar ƙara take yi ta ƙi, ba ta bari ka cuci injin.

Ba kyauta ba ne. Tana ɗan ƙara shan mai, na lura tanki yana saurin sauka kaɗan fiye da da. Litar fetur mai lamba 91 tana riyal 2.18, bambancin bai kai ya dame ni ba, amma wanda ke yini a kan titi zai ji shi a aljihu. Sautin injin ma yana ɗan tashi. A cunkoson da ake tafiyar kunkuru, irin na goman ƙarshe na Ramadan, S4 ba ta da wani amfani, don motar ba ta ma kai giya ta uku ba.

Babban haɗarinta mantuwa. Sau ɗaya na hau babban titin Jidda ban mayar da sanda D ba. Na yi tafiya mai nisa kafin kukan injin ya ankarar da ni, allura ta haura 3,000. Ba abin da ya lalace, amma man da na ƙona a banza ya yi min ciwo. Yanzu da na ga hanya ta buɗe zan wuce 70, hannuna da kansa yake komawa kan sanda.

Ƙanena ya gwada a tasa bai ga canji ba, fizgar tana nan ko a giya ta biyu. Muka kai ta wurin Baba, ya zaro man ya nuna mana a kan farin tsumma, baƙi ƙirin yana ƙauri. Ya ce wannan ba ta S ba ce, ciwo ne na gaske, a bar masa ita kwana biyu. Tawa kuwa wata takwas ke nan ba a kwance mata ko ƙusa ɗaya ba, man giya kawai na canza kafin shigowar zafi.