Sharhi: masauki da jagoran kallon shahuna a Sakhalvasho, kusa da Batumi

Duk wanda ke karatu ko aiki a Jojiya, ko a Turkiyya da ke maƙwabtaka da ita, in ya samu ɗan hutu tsakanin ƙarshen Agusta da farkon Oktoba, shawarata ya je Sakhalvasho. Ƙauye ne a kan tudu, arewa da birnin Batumi, sama da garin Chakvi. Na biya kuɗin wani tsari da ya haɗa ɗaki a gidan mutanen ƙauyen, da abinci, da jagora, da hayar madubin hangen nesa. Ukun farko sun ci kuɗinsu har da riba. Madubin ne ya ɓata min rai.

Abin da ke kai mutane wannan tudu shi ne ƙaurar tsuntsaye masu farauta. Da kaka, shahuna da shirwa da gaggafa da suka yi ƙyanƙyasa a Rasha da gabashin Turai sukan nufo Afirka. Ba sa son tsallaka babban ruwa, domin da iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa suke hawa sama ba tare da kaɗa fiffike ba, kuma irin wannan iska ba ta tashi a kan teku. To ga Bahar Aswad ta yamma, ga tsaunukan Kokasus ta gabas, sau da yawa lulluɓe da gajimare. Dole kowa ya bi ta 'yar siririyar hanyar da ke tsakani. Ƙungiyar Batumi Raptor Count tana ƙirga su tun 2008, daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba, a tashoshi 2: wannan ta Sakhalvasho da ta Shuamta da ke can ciki wajen duwatsu. A yawancin shekarun baya-bayan nan lissafin yakan haura miliyan 1, nau'i fiye da 30.

Daga Tibilisi, babban birnin Jojiya, jirgin ƙasa na hau, tafiyar kamar awa 5, mai masaukin ya turo mota ta ɗauke ni. Amfanin kwana a ƙauyen shi ne da ƙafa ake hawa tashar. Hawan yana da tsayi, zai sa ka haki, amma kafin wanda ya kwana a otal cikin Batumi ya samu mota, kai ka riga ka kafa kujerarka.

Jagoran shi ne ainihin abin da na saya. Mutum ne marar yawan magana, Turancinsa daidai na aiki. Da farko ɗigo-ɗigo kawai nake gani a sama, duk baƙi, duk iri ɗaya. Bai fara da jera min sunaye ba. Ya ce in zaɓi tsuntsu guda in bi shi da ido har ya wuce, in lura da kai da wutsiya da yadda yake riƙe fikafikai. A haka na gane shahon nan mai tone gidan rina ya cinye 'ya'yan, wanda shi kaɗai yakan kai kusan rabin lissafin shekara: ƙaramin kai ne da shi mai miƙewa gaba, doguwar wutsiya mai ratsi, kuma in yana shawagi fikafikansa a shimfiɗe suke. Ɗan'uwansa da ke zuwa a ƙarshen Satumba ya fi shi kauri, wuyansa gajere, yana ɗan ɗaga fikafikai sama. Shirwa kam ban buƙaci malami ba, duk wanda ya taɓa tsaron 'yan tsaki a gida ya san wannan wutsiya mai baki biyu.

Wajen hantsi, da ƙasa ta ɗau zafi, sai abin ya kankama. Ɗaruruwa za su taru a wuri guda suna juyawa suna hawa, har na saman su kusa ɓacewa, sannan su zubo kudu a jere, wani ayarin kuma ya maye gurbinsu. Akwai lokacin da ayari ya biyo ƙasa-ƙasa ta kan tashar, har na ga launin rawaya na ƙwayar idon wani yana waigen mu. Ba kuka, ba hayaniya. Wallahi tsigar jikina ta tashi, babu abin da ya fito bakina sai Subhanallahi.

Su masu ƙirgar 'yan sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban, kuma baƙo ba ya shiga lissafinsu. Jagoran ya ja min kunne tun farko kada in tsaya a gabansu ko in dame su da tambaya in sama ta cika, kuma ya yi daidai. Amma ya zaunar da ni gefe ya nuna min yadda aikin yake. Kowa na riƙe da ɗan abin latsawa, irin carbin zamani da muke maƙalawa a yatsa. In tsuntsayen sun yi yawa ba a bin su ɗaya-ɗaya: ka ƙirga 10 ka ga faɗin da suka ci a sama, daga nan kowane latsi 10 ne. Ba a ƙirga su lokacin da suke juyawa, sai sun miƙe sun tsallake wani layi da aka ƙayyade. An raba sararin gida-gida, gabas da yamma, kusa da nesa, kuma tashoshin biyu suna magana ta wayar oba-oba don kada a lissafa ayari guda sau biyu. Ya ba ni nawa abin latsawar, muka riƙa gwadawa muna kwatanta adadi. Wannan darasi ya sa na ɗauki alƙaluman nan da daraja, domin na ga wuyan da ke sanƙarewa da idon da ke yaji kafin a same su.

Sai maganar madubi. An tallata cewa akwai na haya mai kyau, abin da aka miƙo min kuwa tsoho ne mai ƙarfin 12, wato mai kusanto da abu sau 12, ga nauyi, ga gilashi ɗaya da ya sha raɓa ta ciki. A wannan aiki ƙarfi da yawa cuta ne: hannu na rawa, hoton na rawa, kuma fagen da kake gani ya ƙuntata, kafin ka laluɓo tsuntsun ya wuce. Na yi ƙorafi, aka ce babu wani. Wata baiwar Allah cikin baƙi ce ta ara min nata 8x42 (mai ƙarfin 8, faɗin gilashinsa milimita 42) na ɗan lokaci, bambancin a bayyane yake: haske, sauƙin riƙewa, ayari guda a cikin gani ɗaya. Ka zo da naka, 8x42 ko 10x42 wanda ruwa ba ya shiga, ka ce a cire kuɗin haya. Babban madubi mai ƙafa uku na jagoran ya wadatar don na nesa.

Ɗakin ba na ƙawa ba ne amma tsaf yake, akwai ruwan zafi, intanet na zuwa yana ɗaukewa. Na faɗa wa uwar gidan tun daren farko cewa ba na cin naman alade, ba na shan giya, ba ta ko yi mamaki ba, domin yankin Ajara, inda Batumi take, na da Musulmi da yawa, akwai ma tsohon masallaci, Orta Jame, a cikin Batumi. Ta riƙa yi min wake da kifi da kayan lambu, da burodinsu khachapuri mai cuku da ƙwai da man shanu a tsakiya, wanda in ka ci da safe ka gama da yunwa har la'asar. Kullum sai ta cika min filas da shayi. A kan tudun ma na samu gefe na shimfiɗa dardumata, ba wanda ya ɗago kai.

Batumi gari ne na ruwan sama, don haka rigar ruwa da takalmi mai riƙe taɓo dole ne, kuma akwai ranar da hazo zai rufe komai ka zauna kallon fari. Abin da ya fi ci min rai shi ne in an yi hadari tsuntsayen suka sauko ƙasa, sai ka ji harbin bindiga daga tuddan kewaye. Doka ta hana, amma ana yi. Da ka tuna cewa a cikinsu akwai siririn shahon da masu ƙirga ke kira hariya, wanda danginsa ke yin rani a Sahel, har da Nijar, suna cin fara a gonaki, sai abin ya zama naka. Na so a ce an gargaɗi baƙi game da wannan tun wajen biyan kuɗi, musamman masu zuwa da yara.

Kan lokaci kuwa, mai son ganin yawa ya nufi ƙarshen Agusta zuwa makon farko na Satumba. Mai son nau'i daban-daban, har da gaggafa, ya jira ƙarshen Satumba. Ɗakunan ƙauyen kaɗan ne, a kama tun da wuri, kuma a bar rarar kwanaki saboda ruwan sama.