Tsakanin sakandaren jami'a mai ɗalibai kaɗan da babbar makarantar kwana

Assalamu alaikum Malam. Na ga tambayarka game da yaron da ya kammala aji uku na ƙaramar sakandare, ko a kai shi ƙaramar makarantar kuɗin da ke ƙarƙashin jami'a, ko kuwa babbar makarantar kwana mai zaman kanta. Shawarata ita ce ka kai shi ta jami'ar, muddin ka bincika ka tabbatar cewa alaƙar da ake faɗa ta gaskiya ce. Na biya kuɗi a dukansu biyun, saboda haka abin da zan faɗa na gan shi ne a kan 'ya'yana.

'Yata ta biyu ta yi shekara uku na babbar sakandare a irin wannan makaranta, kuma ajinsu bai kai mutum talatin ba. Amfanin haka ya bayyana mini ne a zango na biyu na shekarar farko, ranar da malamin lissafi ya kira ni da kansa, ba tare da na nemi shi ba, ya ce ya lura yarinyar tana gane darasi a aji amma tana kuskure wajen kwafe lambobi daga allo, kuma yana zargin idonta ne. Muka kai ta asibiti aka auna, aka ba ta tabarau, kafin ƙarshen zangon makinta ya tashi. Shekara da shekaru muna tare da ita a gida ɗaya ba mu gano ba, sai malamin da ke da sukunin duba littafin kowane ɗalibi ne ya gano. Wannan shi ne abin da ƙanƙantar makaranta ke saya maka, kuma har gobe ina yi wa bawan Allahn nan addu'a.

Abu na biyu shi ne ɗakin gwaje-gwaje. Duk wanda ɗansa zai bi ɓangaren kimiyya ya sani cewa WAEC da NECO suna da jarrabawar gwaji a aikace a darussan Fiziks da kimiyyar sinadarai da ilimin halittu, kuma makin da ke cikinta ba kaɗan ba ne. Makarantu da yawa ba sa buɗe akwatin kayan gwaji sai saura mako biyu ko uku a zauna jarrabawa. Su kuwa 'yata tun daga aji huɗu ake kai su sashen kimiyya na jami'ar lokaci-lokaci, har ta dawo gida wata rana tana ba ƙannenta labarin yadda ta ga ƙwayoyin fatar albasa a madubin likita, da yadda ruwa ya sauya launi a hannunta bayan ta ɗiga masa asid kaɗan-kaɗan. Ƙaramar makaranta ba za ta iya sayen waɗannan kaya da kuɗinta ba, amma tana cin albarkacin maƙwabciyarta, kamar yadda take ci a laburare da ɗakin kwamfuta. Shi ma ɗakin kwamfutar ba ƙaramin abu ba ne, tunda tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma akwai yara masu ƙoƙari da suke rasa maki don kawai hannunsu bai saba da na'urar ba.

Tsarin ba baƙo ba ne a Arewa. Makarantar Demonstration ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta daɗe tana tafiya a kansa, inda tsangayar ilimi ke amfani da makarantar wajen horar da malamai, ma'aikatan jami'a kuma ke saka 'ya'yansu a ciki. A ganina wannan na ƙarshe shi ne sirrin ingancin irin waɗannan makarantu, domin idan shugaban sashe ko magatakarda yana da ɗa a cikin aji, ba zai yarda a yi wata guda babu malamin Turanci ba, kuma a taron iyaye da malamai za ka ji ana yin tambayoyin da shugaban makaranta ba zai iya kauce musu ba.

Ita makarantar kwana, ba zan hana ta haƙƙinta ba: tana koya wa yaro tashi da wuri da wanke kayansa, kuma ta dace da wanda ke zaune nesa da gari ko wanda aiki ke yawan fitar da shi. Amma can na kai babban ɗana saboda tsayin gini da kyan ƙofa, kuma na yi nadama. Ajinsu ya haura sittin, malamai na sauyawa kusan kowane zango saboda ƙarancin albashi, ga kuɗin wannan da kuɗin wancan da ba a ambata ba ranar da muka cike fom. Ya fito ba shi da kiredit a lissafi, sai da ya sake zama jarrabawar waje ta ƙarshen shekara, shekara guda ta tafi. Ban da haka, tun bayan sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, duk uban da ke jihar nan ta Katsina ya san nauyin da ke cikin barin ɗa ya kwana a inda ba ya ganinsa.

Ita ma ta jami'ar tana da nata nauyin da ya kamata ka auna. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam duk a kan hanyar Dutsin-ma suke, don haka idan makarantar da kake magana a wannan ɓangaren take, kai kuma kana cikin gari wajen Ƙofar Soro ko Ƙofar Marusa, to ka saka kuɗin kurkura na safe da rana cikin lissafinka, musamman yadda sufuri ya yi tsada tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ka tambayi ko malamanta ma'aikatan jami'a ne ko na makarantar kanta, kuma me ke faruwa da darussa idan an shiga yajin aiki, domin wanda ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta yi a 2022 wata takwas ya ɗauka. Ka tambayi ko ana barin ɗaliban jami'a masu koyon aikin koyarwa su riƙe aji shida su kaɗai, abin da bai kamata ba. Sannan ka duba ko tana da katanga da ƙofarta daban, saboda ɗan shekara goma sha biyar bai dace ya riƙa yawo cikin samari da 'yammatan jami'a ba tare da sa ido ba.

Akwai kuma gargaɗin da ba ka nema ba, amma dole in yi maka shi. Wasu masu makarantu suna rubuta sunan jami'a a allon tallarsu alhali iyakar alaƙar ita ce mai makarantar yana koyarwa a can, ko kuma ginin yana kusa da katangarta. Mafi muni su ne masu ce wa iyaye duk wanda ya gama a wurinsu gurbinsa a jami'ar tabbas ne. Wannan ƙarya ce. Gurbin karatu yana bi ta JAMB ne, sai yaro ya zauna darussa huɗu a kan maki 400, ya samu kiredit biyar a darussan da ake buƙata, ya cika ƙa'idar tantancewar jami'ar, sannan a amince da sunansa ta tsarin CAPS, wato tsarin da JAMB ke ba da gurbin karatu ta intanet. Babu wata sakandare da ke da ikon tsallake wannan. Wanda kuma ya ce maka ɗalibansa ba sa faɗuwa ko ɗaya, ko ya nemi wani kuɗi na musamman lokacin jarrabawa, satar amsa yake sayarwa, kuma hukumar jarrabawa na iya riƙe sakamakon cibiyar gaba ɗaya, har da na yaron da bai ci ba bai sha ba.

Gani ya kori ji, saboda haka ka je da kanka ranar aiki da hantsi, ba tare da ka sanar ba. Ka nemi takardar amincewar Ma'aikatar Ilimi ta jiha, da lambar cibiyarsu ta WAEC da NECO, domin makarantar da ba ta da lamba a wata makaranta take yi wa ɗalibanta rajista. Ka nemi ganin sakamakon shekara uku da suka wuce, na ajin gaba ɗaya, ba na zakarun da aka liƙa a bango ba. Daga nan ka wuce ofishin magatakardar jami'ar ka tambaya ko makarantar tasu ce. Idan duk waɗannan sun tabbata, ka karɓi fom a ranar, domin guraben kaɗan ne kuma 'ya'yan ma'aikata ake fara bai wa. Ka tafi da yaron ya ga ajin da zai zauna. Allah ya yi masa albarka, ya ba shi ilimi mai amfani.