Na gwada GIMP wajen haɗa tsatsar ƙarfe, ga yadda muka kaya

Wani abokina mai walda ne ya jawo min wannan aikin, wai yana son hoton tallan shagonsa amma rubutun ya fito kamar an yanko shi daga tsohon ƙarfen da ya sha damina biyar a waje, tsatsa ta ci gefe da gefe. Ni kuma Photoshop kuɗin wata-wata ake biya, aljihuna ba zai ɗauka ba gaskiya, shi ne na sauke GIMP, wata manhajar gyaran hoto irin Photoshop, kyauta ne ko sisi ba ka biya kuma da ka gama saukewa ba ruwanka da data. Na 3.0 na saka, wanda ya fito a watan Maris 2025.

Ƙarfen kansa ba wuya. Ka cika leya (wato shimfiɗa ɗaya cikin waɗanda ake jerawa kan juna su haɗa hoto) da launin toka, ka watsa mata ɗige-ɗige da filtar HSV Noise, sai ka ja su gefe guda da Linear Motion Blur, nan take za ka ga ya koma kamar ƙarfen da aka goge da sanfefa. Minti biyar ma bai kai ba.

Tsatsar ce ta ba ni ruwa. Na buɗe sabuwar leya na sa Solid Noise, wannan mai kama da hadari, na rina ta ruwan goro na ɗora a Multiply (tsarin da ke gauraya kalar leya da ta ƙasanta), wallahi abin da ya fito kamar an ɓarar da miyar taushe a kan faranti, ni kaina sai da na yi dariya. Kuma ba laifin manhajar ba ne, nawa ne, launi ɗaya na shafa ko'ina. Sai na fita na tsaya gaban get ɗin maƙwabcinmu ina ƙare masa kallo har yara suka fara tambaya ko lafiya. Ashe tsatsa ba kala ɗaya ba ce, tsakiya baƙi-baƙi ne inda ta daɗe tana ci, sai ruwan ƙasa, sai can bakin-baki ruwan goro mai haske, kuma ta fi taruwa wajen ƙusa da inda aka yi walda da ƙasan get inda ruwa ke kwanciya, daga nan ta zubo ƙasa siriri kamar hawaye.

Da na dawo, leya uku na yi, kowace da kalarta, na riƙa goge wasu wuraren da burushi mai kaushi. Sannan filtar Bump Map, to nan ne GIMP ya burge ni, shi ke sa tsatsar ta taso ta yi gurji-gurji kamar ka shafa ta kankare maka yatsa. Kar dai ka cika masa zurfi, zai koma kamar bangon laka. Wani abin daɗin a 3.0, filtar da ka sa kana iya dawowa ka gyara ta daga baya ba sai ka rushe komai ba.

Wanda ya saba da Photoshop hannunsa zai ɗan yi ta ɓata kwana biyun farko, maɓallan ba ɗaya ba ne, kuma idan hoto kake so na PNG ko JPG sai ka bi ta Export, Save fayil ɗin XCF, wato na GIMP kansa, kawai yake ajiyewa.

Da na tura wa mutumin nawa sai ya kira ni yana cewa malam ai wannan tsatsar ta yi yawa, kar kwastomomi su ɗauka haka get ɗina ke yi bayan shekara ɗaya. Dole na rage leya ɗaya.