Manhajar da nake cinikin kirifto a kanta, da halin da ta nuna lokacin rushewar kasuwa a 2022

Na fara amfani da wata babbar manhajar musayar kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, ta ƙasar waje a 2021, lokacin da farashi yake ta hawa, na kuma ci gaba da amfani da ita a cikin 2022, shekarar da kasuwar ta yi mummunar faɗuwa. Ba zan kama sunanta ba, domin ba talla nake yi mata ba, kuma galibin manyan manhajojin wannan harka tsarinsu ɗaya ne, ta yadda duk wanda ya saba da wata daga cikinsu zai gane abin da nake nufi. Ra'ayina a kanta shi ne, wajen saye da sayarwa na yau da kullum ta yi mini aiki mai kyau, amma an gina ta ne yadda za ta ƙara wa mutum ƙaimin yin ciniki a daidai lokacin da ya kamata ya janye hannunsa.

Abin da ya fara kai ni gare ta shi ne sashen cinikin mutum da mutum, wanda 'yan harkar suke kira P2P. A watan Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna mu'amala da kamfanonin kirifto, ya kuma umarce su da su rufe asusun masu wannan ciniki, don haka babu hanyar tura naira kai tsaye zuwa manhajar. Sai dai mutum ya nemi wani mai sayar da USDT, wato kuɗin kirifton da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, ya tura masa naira ta banki, shi kuma ya sakar masa kayansa. Manhajar tana riƙe USDT ɗin mai sayarwa a matsayin amana tun daga lokacin da aka ƙulla ciniki har sai ya tabbatar kuɗi sun shiga asusunsa, kuma idan gardama ta tashi tana karɓar shaidar biya daga ɓangarorin biyu ta yanke hukunci. Wannan tsari ban taɓa samunsa da ha'inci ba, har a makonnin da hankalin kowa ya tashi. Masu sayarwa kan rubuta gargaɗi a gaban tallarsu cewa kada a ambaci kirifto a bayanin tura kuɗi, saboda tsoron kada banki ya garƙame asusu, kuma wannan tsoro ba na banza ba ne a wancan lokacin.

Gwaji na gaske ya zo ne a mako na biyu na watan Mayun 2022, da rushewar tsarin kirifton da ake kira Terra. Kamfanin Terraform Labs na Do Kwon, ɗan Koriya ta Kudu, yana da kuɗaɗe biyu, UST wanda aka ce zai tsaya a kan dala ɗaya kullum, da kuma Luna wanda shi ne madogararsa. Ba dalolin gaske aka tara a banki domin su tsaya wa UST ba. Alkawarin kawai shi ne, duk mai UST ɗaya zai iya musanya shi da Luna na dala ɗaya, inda tsarin zai ƙirƙiro sabon Luna ya ba shi. Abin da ya ja mutane kuwa shi ne ribar kusan kashi 20 cikin 100 a shekara da dandalin Anchor yake biyan masu ajiyar UST. Da UST ya sauka daga dala ɗaya wajen 9 ga Mayu, masu shi suka yi rububin musanyawa, tsarin ya yi ta haifar da Luna babu ƙaƙƙautawa, yawansa ya tashi daga 'yan ɗaruruwan miliyoyi zuwa sama da tiriliyan 6 a cikin kwanaki kaɗan, farashinsa kuma ya faɗo daga kimanin dala 80 a farkon watan zuwa abin da bai kai sisin kwabo ba. Dukiyar da ta kai kusan dala biliyan 40 ta salwanta a mako guda.

A waɗannan darare manhajar ta yi nauyi ƙwarai. Shafin farashi yakan tsaya cik na ɗan lokaci sannan ya yi tsalle zuwa wata lamba da ta yi nisa da wadda mutum ya gani a baya, kuma na ba da umarnin sayar da wani ƙaramin kuɗi da nake riƙe da shi, alamar jira ta yi ta juyawa a fuskar waya, daga bisani saƙo ya fito cewa umarnin bai shiga ba, in sake gwadawa. Kafin ya shiga farashin ya ƙara sauka. Na fahimci cewa cunkoso ne ya jawo, domin miliyoyin mutane ne suke danna abu ɗaya a lokaci ɗaya, amma kamfanin da yake karɓar la'ada a kan kowane ciniki ya kamata ya tanadi injinan da za su ɗauki irin wannan rana, tunda ita ce ranar da abokin hulɗa ya fi buƙatarsa.

Abin da ya fi damuna ba nauyin ba ne, saƙonnin da manhajar take turowa ne. A daidai lokacin da shafin ya yi jawur, sanarwa tana shigowa waya a jere, wannan kuɗi ya faɗi da kaso kaza, wancan yana cikin waɗanda aka fi ciniki a yau, ga gasar masu ciniki da kyauta ga wanda ya fi juya kuɗi. Luna ya kasance a saman jerin waɗanda ake rububi har zuwa lokacin da aka dakatar da cinikinsa, kuma ɗan gajeren gargaɗin da aka liƙa a kansa cewa farashi yana hawa da sauka da ƙarfi bai bayyana wa kowa cewa ana ƙirƙiro biliyoyin sabbi ba. A zauren WhatsApp da muke tattauna kasuwa, wani matashi ya turo hoton asusunsa yana murna cewa ya mallaki miliyoyin Luna da 'yan dubban naira, ya rubuta cewa, "Yayyena, ko dala ɗaya ta koma ai mun haye." Wani dattijon ɗan kasuwa a cikinmu ya amsa masa da lissafi, ya ce idan Luna tiriliyan 6 ya koma dala ɗaya, darajarsa za ta zama dala tiriliyan 6, alhali dukan kasuwar kirifto a ranar da ta fi kowace rana tsada, a Nuwamban 2021, ba ta wuce kimanin dala tiriliyan 3 ba. Adadin Luna da ke yawo a kasuwa yana nan a rubuce a cikin manhajar, amma sai an shiga shafi cikin shafi kafin a gan shi, yayin da maɓallin saye yake kore shar a gaban ido.

Sashen da na fi ganin haɗarinsa shi ne na cinikin hasashen farashi, inda manhajar take ninka wa mutum jarinsa da bashi. Buɗe shi bai wuce amsa 'yan tambayoyi masu sauƙi ba, waɗanda idan mutum ya kuskure ake nuna masa amsar daidai ya sake dannawa. Daga nan sai a ba shi wani ɗan layi da zai ja da yatsa ya zaɓi ninki 10, ko 20, ko fiye da haka nesa. Lissafin kuwa ba shi da tausayi, domin wanda ya ninka jarinsa sau 10 yana hasashen hawa, idan farashi ya sauka da kusan kashi 10 cikin 100 an share jarinsa baki ɗaya, wanda ya ninka sau 20 kuwa kashi 5 ya isa, kuma a zahiri ana rufe cinikin tun kafin a kai nan domin manhajar ta kare bashinta. Bitcoin, wanda shi ne mafi natsuwa a kasuwar, ya faɗi da fiye da kashi 10 a yini guda a tsakiyar Yunin 2022, bayan kamfanin Celsius mai karɓar ajiya da ba da rancen kirifto ya hana masu ajiya cire kuɗinsu a ranar 12 ga watan, kuma a ranar 18 ya sauka ƙasa da dala 18,000, shi da ya kusa dala 69,000 watanni bakwai kafin nan. Irin wannan sharewa tana haifar da wata, saboda duk cinikin da aka rufe da ƙarfi sayarwa ce a kasuwa, sayarwar tana ƙara danne farashi, farashin kuma yana kai wa ga jarin na gaba. Akwai kuma zaɓi biyu na jingina, ɗaya yana keɓe asara ga abin da aka saka a cinikin kaɗai, ɗayan yana barin manhajar ta ɗebi duk abin da ke cikin wannan sashe na asusun domin cike giɓi, kuma bambancinsu bai fito fili ga sabon shiga ba. Ga kuma kuɗin riƙo da ake cira ko ake biya duk bayan awa 8. Malamai sun yi saɓani a kan kirifto ita kanta, amma wannan sashe, da bashinsa da cinikin abin da mutum bai mallaka ba, ya fi kowane sashe jawo tambaya, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa na tsaya a kan saye da sayarwa da kuɗin hannuna.

Umarnin tsayar da asara, wato umarnin a sayar wa mutum kayansa da zarar farashi ya sauka zuwa inda ya sa alama, wanda ake koya wa kowane sabon ɗan kasuwa a matsayin garkuwa, yana aiki a manhajar, sai dai ba yadda mutane suke zato ba. Idan mutum ya sa iyakar farashin da zai yarda a sayar masa, faɗuwa mai sauri tana iya tsallake iyakar ta bar shi da kayansa a hannu. Idan kuma ya ce a sayar a duk farashin da aka samu, za a sayar, amma wataƙila ƙasa sosai da inda ya sa alama, musamman a ƙananan kuɗaɗe da masu sayensu suke ɓacewa da zarar tsoro ya shigo. Bayanin wannan yana cikin shafukan koyarwa na kamfanin, da Turanci mai nauyi, babu fassarar Hausa ko ɗaya.

Halin 'yan kasuwa a watannin nan ya sauya a gaban idona. Ma'aunin tsoro da kwaɗayi da ake dubawa kullum, wanda yake tafiya daga 0 zuwa 100, ya sauka ƙasa da 10 a Yuni, alamar matsanancin tsoro. Waɗanda a 2021 suke turo hoton riba kowace safiya suka yi tsit, masu sayar da hasashe a Telegram suka goge tsofaffin saƙonninsu, wasu kuma suka ƙara ninki domin su mayar da abin da suka rasa a dare ɗaya, kamar mai bin bashin caca da wata cacar. Wani abu da ya bambanta mu da 'yan kasuwar Turai da Amurka shi ne naira. Dala tana wajen naira 600 a kasuwar bayan fage a watan Mayu, ta kuma haura 800 bayan sanarwar sauya fasalin takardun naira a ƙarshen Oktoba, don haka wanda ya gudu zuwa USDT ya ga lissafinsa na naira yana ƙaruwa alhali kasuwar duniya tana ƙonewa. Wannan ya sa da yawa suka ɗauki USDT tamkar dala a aljihu, suka manta cewa shi ma ya ɗan zame zuwa wajen kashi 95 cikin 100 na dala a ranar 12 ga Mayu kafin ya farfaɗo.

A Nuwamba sai FTX, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin musaya a duniya, ta nemi kariyar fatara a ranar 11 ga watan, bayan an gano cewa an karkatar da kuɗin masu ajiya zuwa kamfanin Alameda Research mai alaƙa da ita, kuma shugaban FTX Sam Bankman-Fried ya samu hukuncin ɗaurin shekara 25 a 2024. Bitcoin ya gangaro wajen dala 16,000. A makon nan tambayar ta tashi daga ta farashi, ta koma ko kuɗin da mutum yake gani a fuskar waya suna nan da gaske. Na nemi cire abin da nake da shi zuwa lalitata ta kaina, wadda makullinta kalmomi 12 ne da ni kaɗai nake riƙe da su. Manhajar ta biya, kuma wannan babban yabo ne a gare ta, amma buƙatar ta daɗe tana jiran tantancewa fiye da yadda aka saba, kuma da na tuntuɓi sashen taimako sai na'urar amsa saƙo ta yi ta maimaita mini jawabi ɗaya kafin a haɗa ni da mutum, wanda shi ma bai wuce cewa in yi haƙuri ba. Kuɗin cirewa ya danganta da hanyar da aka zaɓa, a lokacin ta tsarin Tron tana da araha, ta tsarin Ethereum tana da tsada, kuma wanda ya tura ta hanyar da lalitarsa ba ta karɓa yana iya rasa kuɗin. A nan gargaɗin manhajar ya fito ɓaro-ɓaro, abin da ya nuna cewa ta iya gargaɗi idan ta ga dama.

Har yanzu ina amfani da ita wajen saye da musanya, amma ba na barin ajiya ta kwana a cikinta, na kuma kashe dukan sanarwarta ban da ta tsaron asusu. Babban Bankin ya sassauta haramcinsa a Disamban 2023, kuma dokar zuba jari da aka sa wa hannu a 2025 ta sanya kadarorin kirifto ƙarƙashin kulawar SEC, hukumar kula da kasuwar hannayen jari, sai dai kamfanin da ba shi da rajista a ƙasar, ba shi kuma da ofishin da za a je a zauna da shi, duk ƙorafin da mutum yake da shi a kansa ba ya wuce akwatin saƙon da ke cikin manhajar.