Gidan haya a Kumasi: wanne za ka saya, kuma daga hannun wa?

In kana da kuɗi a hannu kana son gidan haya a Kumasi, ni dai tsohon gida mai tsakar gida a cikin zango nake nuna wa kowa, irin na Aboabo, Asawasi ko Sawaba. Ɗaki a waɗannan unguwanni ba ya kwana babu mutum. 'Yan kasuwar Kejetiya, masu ɗinki, direbobi, sababbin ango da amarya, kowa yana son kusa da masallacinsa da danginsa. In gidan ɗaki takwas ne, mutum ɗaya ya kasa biya, sauran bakwai suna riƙe da kai. Gyaran ma ba dole ne a lokaci ɗaya ba: bana ka canza kwanon rufi, baɗi ka haɗe ɗaki biyu su zama ciki da falo, ka fitar musu da bayi nasu, kuɗin hayar ya ɗaga. Ka yi ƙoƙari kowane ɗan haya ya samu mitarsa ta ECG, wato kamfanin wutar lantarki na Gana, domin rigimar gidan haya yawanci daga kuɗin wuta da sharar bayi take tashi. Sai dai ka je duba gidan da damina, ranar da aka sha ruwa. Duk gidan da ke kusa da rafin Aboabo, kalli jikin bango, shatar ruwa ba ta ɓuya.

Ɗakunan ɗalibai a Ayeduase da Kotei, gefen jami'ar KNUST, suna kawo kuɗi, amma jarin na manya ne. Shago kuwa harajin kuɗin hayarsa kashi 15 cikin ɗari ne, na gidan zama kashi 8. Filin bayan gari ba ya ba ka ko sidi ɗaya sai ka gina.

Abin da ya fi zaɓen gida muhimmanci shi ne wanda zai sayar maka. Yawancin tsofaffin gidajen zango na gado ne, kuma a nan aka taɓa cuta ta. Dillali ya haɗa ni da babban ɗan mamaci, ya nuna mini takardu, na ba da kafin alƙalami mai nauyi. Bayan mako uku ƙannensa mata suka zo da kawunsu, suka ce ba a raba gado ba, ba kuma wanda ya shawarce su. Gaskiya ce tasu. Na shekara biyu ina bin kuɗina, har yau da saura.

Don haka kada ka yarda da "ni ne babba". Ka nemi takardar kotu da ta ba shi ikon kula da dukiyar mamacin, ka zauna da magada duka, maza da mata, na Kumasi da na unguwar Nima a Accra da wanda ke Jamus a waya. Ka kai lambar filin Hukumar Filaye a bincika da kanka ko ta hannun lauyanka, ban da lauyan mai sayarwa. Mafi yawan ƙasar Kumasi ta sarauta ce a ƙarƙashin Asantehene, sarkin Asante, haya ce ta shekaru, galibi 99, don haka ka ƙirga shekarun da suka rage a takardar. Wanda ba ɗan Gana ba, tsarin mulkin 1992 bai ba shi fiye da shekara 50 ba, 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar su lura. Takardar da basarake ya rubuta cewa ya ba da fili ita kaɗai ba ta isa ba.

Sannan ka tambayi kowane ɗan haya, shi kaɗai, nawa ya biya gaba. Dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda da shi, amma kowa ya san ana karɓar shekara biyu. Mai gida yakan karɓe wannan kuɗi ana gobe ciniki, ka wayi gari da gida cike da mutanen da ba ka bin su komai. A cire wannan daga farashi, a rubuta, kuma ka biya ta banki da sunan magadan da suka sa hannu, a gaban limami da mai unguwa.